Da gaske ana jin ɗanɗanon teku a cikin giyar inabi?

Hermanus ƙaramin gari ne a bakin teku a Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 120 daga Cape Town. Abin da ya fitar da sunansa shi ne manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel, waɗanda ke matsowa kusa da gaɓa daga wajen watan Yuni zuwa Nuwamba don su haihu, har mutum ya tsaya a kan dutse ya hango su ba sai ya shiga jirgin ruwa ba. Idan Disamba ta kama kuma, lokacin zafinsu ke nan, sai garin ya cika maƙil da masu hutu.

A bayan garin akwai wani kwari da ake kira Hemel-en-Aarde, wato "sama da ƙasa" a harshen Afirkans. Titi guda ne ya ratsa shi, mai lamba R320, kuma hagu da dama ƙananan gonakin inabi ne, da yawansu na iyali. Kusan kowace gona tana da wurin karɓar baƙi masu son ɗanɗana giyar da ta yi. Ana zaunar da baƙo a baranda yana kallon tsaunuka, a jera masa kofunan gilashi biyar ko shida, a zuba ɗan kaɗan a kowanne. Ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, wani ya haɗiye, wani ya tofar a mazubin da aka ajiye don haka. Shi kuma ma'aikacin gonar yana tsaye yana bayani: wannan akwai iskar teku a cikinta, waccan za ka ji ɗan gishiri-gishiri, wannan kuma ɗanɗanon duwatsun kwarin nan ne. Baƙo ya gyaɗa kai, ya ce lallai ya ji, ya sayi kwali guda ya sa a bayan mota.

To, me ya ji? Tekun ne ya shiga cikin kofin, ko kuwa maganar ma'aikacin ce ta shiga kansa?

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa shan giya. Addini ya haramta ta, likitanci ma bai wanke ta ba, domin tun 1988 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa. Saboda haka wannan rubutu ba talla ba ne. Dalilin ɗauko batun shi ne, da wuya a sami abin sha da aka kashe kuɗi da shekaru wajen binciken ɗanɗanonsa kamar giyar inabi, kuma abin da aka gano ya shafi yadda ni da kai muke jin zoɓo, da shayi, da turare, da duk abin da ɗan kasuwa zai ce mana "wannan na musamman ne".

Abin da teku yake yi wa inabi

Irin inabin da kwarin ya yi suna da shi su ne Pinot Noir da Chardonnay. Asalinsu yankin Burgundy ne a Faransa, wajen digiri 47 arewa da tsakiyar duniya, wuri mai sanyi. Hermanus kuwa tana wajen digiri 34 ne ta kudu, inda rana ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A lissafi bai kamata waɗannan inabi su yi kyau a can ba. Amma a 1975 wani mutum mai suna Tim Hamilton Russell ya sayi fili a kwarin, da gangan, yana neman wuri mai sanyi a ƙasar da ke da zafi. Abin da ya dogara da shi shi ne tekun da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga gonar.

Ruwa yana da taurin kai wajen ɗaukar zafi. Kafin ka ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, sai ka ba shi makamashin da ya kai kusan ninki biyar na wanda busasshiyar ƙasa mai nauyi ɗaya take buƙata. Don haka da rana ƙasa takan yi zafi da sauri, teku kuwa yana nan da sanyinsa. Iskar da ke kan ƙasa ta yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Wannan iska takan yi ƙarfi ne da yamma, daidai lokacin da zafi ya kamata ya kai ƙololuwa. Ga shi kuma ruwan gaɓar nan mai sanyi ne ko da lokacin zafi.

Yanzu mu leƙa cikin ƙwayar inabin. Yayin da take nuna, sukari yana ƙaruwa, tsami yana raguwa. Tsamin nan daga manyan sinadarai biyu yake. Na farko shi ne asid ɗin tatarik, wanda ba baƙonmu ba ne, domin shi ne yake ba tsamiya tsaminta. Duk wanda ya sha kunun tsamiya ya san shi. Na biyu shi ne asid ɗin malik, wanda ke sa ɗanyen tuffa ya kashe haƙora. Tatarik ba ya canzawa sosai, amma malik abinci ne ga ƙwayar inabin: tana ƙona shi don samun kuzari, kuma gwargwadon zafin gari gwargwadon saurin ƙonawar. A wuri mai zafi, kafin ƙamshin inabin ya gama haɗuwa, malik ya kusa ƙarewa, sukari kuma ya yi yawa.

Yawan sukarin nan yana da sakamako, domin shi ne yis yake ci ya mayar da shi barasa da iskar kabon. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ruwan inabi mai giram 220 a lita zai ba da giya mai kusan kashi 13, mai giram 255 kuwa zai kai kashi 15. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma a baki ba kaɗan ba ne: ta farko tana da kaifi da tsami, ta biyu tana da nauyi da zafi a maƙogwaro. Launi ma abin ya shafe shi. Jan launin inabi daga sinadaran antosayanin yake, dangin waɗanda suka sa zoɓo ya yi ja, kuma idan zafi ya wuce kima, ƙwayar inabin ba ta iya haɗa su yadda ya kamata.

Kada a ɗauka alherin teku babu wahala a cikinsa. Iska mai laima tana kawo cututtukan fumfuna ga ganye da 'ya'ya. Iska mai ƙarfi tana sa ganye ya rufe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su, wanda ke rage girma da yawan amfanin gona. Da dare kuma teku ba ya barin gari ya yi sanyi sosai kamar yadda yake yi a tsaunukan cikin ƙasa. Amma a dunƙule, ma'aikacin gonar bai yi ƙarya ba da ya ce teku yana da hannu a abin da ke cikin kofin. Hannun nasa ta hanyar zafi da sanyi yake bi, kuma ana iya auna shi a ɗakin gwaji.

Gishirin fa, da duwatsun?

A nan ne maganar ta fara rauni. Gaskiya ne iska tana iya ɗauko feshin ruwan gishiri ta sauke a kan gonar da ke dab da gaɓa, kuma inabin da aka shuka a ƙasa mai gishiri yakan tara gishiri fiye da saura. Amma a mafi yawan giya adadin bai kai yadda harshe zai gane shi a matsayin gishiri ba. Abin da mutane ke kira gishiri-gishiri, sau da yawa tsami ne mai kaifi da ke sa yawu ya tsinke.

Batun duwatsu ya fi wannan rauni. Wani masanin duwatsu a Jami'ar Aberystwyth da ke Birtaniya, Alex Maltman, ya daɗe yana rubutu a kan wannan. Hujjarsa mai sauƙi ce. Jijiyar shuka ba ta tsotsar dutse. Abin da take ɗauka shi ne narkakkun sinadarai irin su fotashiyam da kalshiyam, kuma kalshiyam ɗin da ya fito daga wannan dutse daidai yake da wanda ya fito daga wancan, ko daga taki. Yawancin duwatsun kansu ba su da wani ɗanɗano. Ƙasa tana da tasiri, amma ta wajen yadda take riƙe ruwa da yadda take barin jijiya ta nutsa. Ƙasar ƙasan kwarin Hemel-en-Aarde tana da yumɓu da yawa, kuma yumɓu yana riƙe ruwa yana sakinsa a hankali a lokacin rani. Wannan yana canza girman ƙwayar inabi da saurin nunarta. Tasiri ne na gaske, sai dai ba ɗanɗanon dutse ba ne.

Abin mamaki, akwai abubuwan da ke shiga inabi ta iska kai tsaye, amma ba su ake tallatawa ba. Masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa inabin da ke kusa da bishiyoyin turare, waɗanda muke kira zaiti, yana ɗaukar sinadarin ƙamshinsu, kuma layukan da suka fi kusa da bishiyoyin sun fi ɗauka. Wanda ya fi tayar wa manoma hankali shi ne hayaƙi. Idan daji ya kama da wuta lokacin da inabi ke nuna, sinadaran hayaƙi irin su gwayakol, wanda yana cikin masu ba bandar kifi ƙamshinta, suna ratsa fatar inabin. Ƙwayar sai ta ɗaure su da sukari, su ɓuya, ba a jin warinsu. Daga baya, wajen ruɓawa da ajiya, har ma a cikin bakin mai sha, ɗaurin yana kwancewa, sai a ji kamar an lashi toka. A Janairun 2019 gobarar daji ta ci tsaunukan da ke kewaye da Hermanus makonni kaɗan kafin girbi, hayaƙinta ya kwanta a kan gonaki. Ga gonar da sau ɗaya take girbi a shekara, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Harshe, hanci, da bauri

Harshe abu biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan na romon nama da daddawa wanda Japanawa suka raɗa wa suna umami. (Hoton nan na littattafan makaranta da ke nuna zaƙi a tsinin harshe, ɗaci a can baya, kuskure ne da ya samo asali daga rashin fahimtar wani binciken Jamus na 1901. Kowane ɓangare na harshe da ke jin ɗanɗano yana jin dukansu.) Mafi yawan sauran abin da muke kira ɗanɗano, aikin hanci ne. Idan abu yana baki, ƙamshinsa yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau cikin hanci, inda ɗan Adam ke da nau'o'in masu karɓar ƙamshi kusan 400. Linda Buck da Richard Axel sun sami kyautar Nobel a 2004 saboda gano wannan tsari. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ba shi da daɗi. Shi ya sa kuma masu ɗanɗana giya suke juya kofi, kuma suke zuƙar iska ta baki da ruwan a ciki: suna taimaka wa sinadaran ƙamshi su tashi ne.

Hancin nan yana da kaifin da ke ba da tsoro. Akwai wani sinadari a inabin Sauvignon Blanc, wanda shi ne kuma yake ba koren tattasai warinsa. Ana iya jin sa a ruwa idan ya kai kimanin nanogiram 2 a lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Idan ka lissafa, a tafkin ninkaya na gasar Olamfik mai lita miliyan biyu da rabi, miligiram 5 ke nan, kusan nauyin ƙwayar gero ɗaya. Hasken rana da zafi suna rage wannan sinadari a inabi, don haka ya fi fitowa a gonaki masu sanyi.

Sai dai hancin kowa daban. A 2008 masu bincike a Ostireliya suka gano sinadarin da ke ba wasu giyoyin Shiraz ƙamshin masoro, mai suna rotundon, kuma shi ne dai yake cikin masoron kansa. Da suka gwada mutane, sai suka tarar kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam, ko da an zuba da yawa. Wato mutum biyu na iya zama a baranda ɗaya da kofi iri ɗaya, ɗaya ya rantse ya ji masoro, ɗayan ya ce babu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Jar giya tana da wani abu kuma da Hausa ta fi Turanci kalmar da ta dace da shi: bauri. Irin na goro, da na shayin da ya daɗe a wuta. Bauri ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko tsami, taɓawa ce. Sinadaran tanin da ke fatar inabi da 'ya'yansa suna kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi, su dunƙule shi, sai baki ya bushe ya yi kaushi. Idan ka zuba madara a shayi, tanin ya sami wani furotin ɗin da zai kama, baurin ya lafa. Wannan ne sirrin farantin cuku da ake ajiye wa baƙi a wuraren ɗanɗana giya. Tsofaffin dillalan giya sun san haka tun kafin a san sunan tanin: idan su ne za su saya, da tuffa suke ɗanɗanawa don aibin giyar ya fito, idan kuma za su sayar, sai su miƙa wa mai saye cuku.

Abin da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa

A 2001, Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu suka wallafa wani gwaji da aka yi da ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya a Bordeaux. An ba su farar giya da aka rina ta ja da launi marar ƙamshi, aka ce su bayyana ƙamshinta. Sai suka dinga kawo kalmomin da ake siffanta jar giya da su, na jajaye da baƙaƙen 'ya'yan itace. Ido ya riga hanci yanke hukunci.

Na farashi ya fi ban sha'awa a wurina. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya suka sa mutum 20 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna ba su giya ta bututu, suna nuna musu farashi. Giya guda an gabatar da ita sau biyu, sau ɗaya a kan dala 90, farashinta na gaskiya, sau ɗaya a kan dala 10. Wata mai dala 5 kuma an ce dala 45 ce. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowa na iya faɗa don kada a raina shi. Abin lura shi ne, sashen ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da jin daɗi, can gaba a saman idanu, ya fi motsawa idan farashin ya yi sama, alhali sassan da ke karɓar ɗanɗanon farko ba su canza ba. Ba ƙarya suke yi ba ke nan. Daɗin ne ya ƙaru da gaske. Mutum 20 adadi ne kaɗan, ya kamata a faɗa, amma an sake irin gwajin daga baya an ga abu makamancin haka.

Ƙwararrun fa? Robert Hodgson, tsohon malamin jami'a mai ƙaramin gidan yin giya a Kalifoniya, ya lura giyarsa takan ci zinare a wannan gasa ta tashi a tutar babu a waccan. Sai ya shawo kan masu shirya babbar gasar jihar suka bar shi ya riƙa saka wa alƙalai giya ɗaya, daga kwalba ɗaya, sau uku a cikin jerin da suke ɗanɗanawa ba tare da sun sani ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna kusan kashi 10 cikin 100 na alƙalan ne kawai suke ba giya ɗaya maki masu kusanci da juna a kai a kai. Ana yawan yaɗa wannan a intanet da cewa duk sana'ar damfara ce, ni kuma ina ganin an wuce gona da iri. Wanda aka horar yana gane giyar da ta lalace, yana bambanta tsami da bauri da zaƙi fiye da wanda ba a horar ba. Inda abin ke rushewa shi ne wajen cewa wannan ta ci maki 92, waccan 89.

Yanzu ka dawo barandar nan ta Hemel-en-Aarde ka ƙirga. Baƙo yana hutu, ya kwana yana jin ƙarar igiyar ruwa, iskar teku tana kaɗa shi yana riƙe da kofin. An gaya masa abin da zai ji kafin ya kurɓa. Ya ga farashi. An jera kofunan daga mai sauƙi zuwa mai tsada, ga cuku a gefe, kuma idan ba ya tofarwa, kafin kofi na biyar barasa ta fara aikinta. Duk abin da mai bincike yake ƙoƙarin kawarwa a ɗakin gwaji, a nan an tara shi wuri guda. Shi ya sa masu yawon buɗe ido ke yawan cewa kwalbar da suka kai gida ba ta yi daɗin da ta yi a gona ba.

Ba na ganin laifin ƙananan manoman a nan. Gonar da ke yin kwalabe kaɗan ba za ta iya gogayya da manyan kamfanoni a kan farashi a kantuna ba, kuma kwalbar da ta sayar a ƙofarta babu rabon dillali a ciki. Da Afirka ta Kudu ta hana sayar da barasa daga 27 ga Maris 2020 saboda korona, ta kuma maimaita hanin sau da dama har cikin 2021, ga baƙi sun ɗauke ƙafa, irin waɗannan gonaki sun ji jiki. A daidai lokacin kuma asibitocin ƙasar suka ga raguwar masu zuwa da raunukan haɗari da faɗa. Akwai kuma tarihin da ba a cika ba baƙi labarinsa a baranda ba. Tun 1659 ake matse inabi a yankin Cape, da ƙwadagon bayi a farko, daga baya kuma da tsarin da ake kira dop, inda ake biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta shi a doka a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma har yau wasu garuruwan noman yankin suna cikin wuraren da aka fi samun yaran da barasa ta yi wa illa tun suna ciki a duk duniya.

Yadda ake gwadawa a ɗakin bincike

Idan ana so a san ko akwai bambanci na gaske tsakanin abubuwan sha biyu, ba a tambayar mutum me ya ji. Ana ba shi kofi uku, baƙaƙe don kada ya ga launi, masu lambobin da ba su nufin komai. Biyu abu ɗaya ne, ɗaya daban, aikinsa kawai ya nuna wanda ya bambanta. Wanda ke miƙa kofunan ma bai kamata ya san amsar ba, kuma ana sauya jerin daga mutum zuwa mutum. Ko da canki-canki ne, mutum ɗaya cikin uku zai dace, don haka sai waɗanda suka gane sun zarce wannan sosai kafin a yarda.

Ana iya yin wannan a gida babu ko ɗigon barasa. A dafa zoɓo biyu, ɗaya da wanda aka ce na wuri kaza ne mai tsada, ɗaya da na kasuwar unguwa, ruwa da sukari daidai wa daida, sanyinsu ma ɗaya, domin sanyi yana danne zaƙi da ƙamshi. A zuba a kofunan da ba a ganin cikinsu, a tara mutum 12, kowa ya ɗanɗana shi kaɗai ba tare da jin amsar wani ba. Idan babu bambanci, wajen mutum 4 za su dace da sa'a. Sai an sami 8 ko fiye kafin masu lissafi su yarda cewa bakin mutane yana rarrabe su.